Turancin Doha

"Ku matso ku ji Turanci daga bakin masu shi!" in ji Alhaji Yidana, yana jingina wayarsa a jikin buta.

Maƙwabta sun cika tsakar gidansa a unguwar Zogbeli da ke Tamale. Yau makarantar Turawa ta Doha, inda 'yarsa Mubarika ke karatu a hannun ƙaninsa, za ta haɗa iyaye da malamin aji ta bidiyo.

Bara ya cire ta daga makarantar unguwa, bayan ya zage malaminta, Ticha Saaka, a gaban yara, wai Turancinsa warin Dagbanci, yaren garin, yake yi.

Kira ya shigo, amma hoto ya ƙi fitowa. Murya kawai ake ji tana zuba Turanci.

Alhaji ya lumshe ido. "Kun ji ko? Wannan da shi aka haife shi, ba kame-kamen Saaka ba. Wallahi filina na Bulpiela da na sayar don kuɗin makaranta bai tafi a banza ba."

Sai hoton ya washe. Ticha Saaka ne, cikin kwat da nektai.

"Dasiba, Alhaji," ya gaishe shi da Dagbanci, yana murmushi. "Yaya, warin yana isowa har Tamale?"