Sarkin Hatimi Ya Tafi Hutu

Takardar hutun dole na hannunsa na hagu, Sarkin Hatimi ya ja durowar teburinsa da na dama, ya zaro hatimin ofis ya jefa a aljihu. Ba wanda ya gani. Wa ma zai gani? Kowa ta kansa yake yi. Wai gwamnati ta tsuke bakin aljihu, rabin ma'aikata su koma gida wata uku ba albashi, duk kujerar da ba a nemi mai ita ba kuma, a soke ta.

Shekara ashirin da shida yana dangwala hatimin nan, shi ya sa aka laƙaba masa sarautar. Takarda ba ta zama takarda a ofishin sai ya hura wa robar iska, ya danna, ya ɗan murza. Mutum ya zo da fayil tun safe, sai ya bar shi tsaye har shayinsa ya huce. Yau ga shi a jerin waɗanda aka ce aiki zai tafi ko ba su, alhali saura shekara huɗu ya yi ritaya da cikakken fansho.

Darakta ya rako shi har bakin ƙofa. "Ka yi haƙuri, ka bar ni da su," in ji shi.

"To, ranka ya daɗe," ya amsa, a ransa kuwa tsaki ya ja. Daɗin bakin manya ba yau ya fara jin sa ba.

A gida ya cusa hatimin cikin tsohuwar safa, ya tura ƙarƙashin katifa. Lissafinsa ba wuya: su nema su rasa, aiki ya tsaya cik, su zo suna roƙo, shi kuma ya koma da mutuncinsa ya "gano" musu shi a bayan kabad. Sassaƙa sabo? Babu kuɗinsa a kasafin bana, takardar neman kuɗin ma hedikwata ba ta karɓarta sai da hatimi. Wannan ya fi komai yi masa daɗi, har dariya yake yi shi kaɗai a kan tabarma.

Mako na biyu waya ta fara ruri. Sakatariyar Darakta ce, wadda bai taɓa amsa gaisuwarta da baki ba sai da ka. Ya bar ta ta kira sau bakwai kafin ya ɗauka.

"Baba, don Allah ko ka san inda hatimi yake? Takarda ɗaya ce tak, ta gaggawa."

"Ta mece ce?"

"Yallaɓai ya hana a faɗa sai ta fito."

Ai shi ke nan, ya gane. Alawus ɗin tafiya ne, irin wanda manya ke ɓoyewa. Mutane na gida suna hamma, Darakta yana neman kuɗin otal.

"Ni da aiki ke tafiya ba ni, ina ni ina sanin hatimi?" Ya kashe wayar.

Tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a rana. Matarsa ta gaji, ta tare shi. "Baban yara, girman kan nan dai ba ya dahuwa. Ka ɗauki wayar mutane mana."

"Ke ba ki san aikin gwamnati ba. Sai sun ji a jikinsu."

Ranar Alhamis sakatariya ta zo gidan da ƙafarta, da fayil a hammata, gumi ya jiƙa mata mayafi. Babban mutum da furfurarsa ya faɗa banɗaki ya ja ƙofa, ya sa aka ce ya yi tafiya. Yana jin ta tana ce wa matar, "Mama, ki gaya masa ƙarfe huɗun yau ake rufe karɓa." Da ta tafi ya fito yana gyara hula, ya ce su rufe, har da kwaɗo.

Ran Litinin ya ga sun dahu yadda yake so. Ya sa rigarsa mai guga, ya shiga ofis yana taku ɗaiɗai, wai ya zo gaisuwa. Ya ɗan zaga, ya durƙusa bayan kabad, ya miƙe da hatimi a sama. "Ashe ga shi nan! Ku dai ba ku iya neman abu ba."

Ba wanda ya yi murna. Darakta ya dube shi daga ƙofa, ya koma ciki ya rufe. Sakatariya ta buɗe fayil ɗin nan, ta zaro takarda ta ajiye masa a kan tebur.

Fom ne daga hedikwata, wanda ya ba kowane ofis damar ceto kujera ɗaya tak. An gicciye shi da jan biro: "Babu hatimi, ba a karɓa ba, an soke kujerar." A layin da aka ce a rubuta wanda za a maido bakin aiki, sunansa ne Darakta ya rubuta da hannunsa.