Baƙon da Bai Ɗauki Komai Ba

Zulai, ajiye wayar nan tukuna, kokonki na hucewa. Kin ce saƙo ya shigo miki da sunan shugaban kamfaninku, wai yana wurin taro a Abuja, ki tura masa kalmar sirrin da ake buɗe bayanan abokan cinikinku da ita, yanzu-yanzu. Hotonsa ne a jiki, har irin gaisuwar da ya saba, sai dai lambar baƙuwa ce, ke kuma kina jin nauyin ki kira babban mutum ki ce masa, “Ranka ya daɗe, kai ne kuwa?” To, ni kawunki ban san kwamfuta ba, ko rediyona jikoki ke kamo mini tasha. Abin da na sani shi ne unguwar da na tashi, kuma wallahi ina kewarta.

A unguwar nan tamu an yi wani majemi. Wari kam ba a magana, baƙo sai ya toshe hanci, amma ni yau da zan sake shaƙarsa da na gode wa Allah. Da hantsi za ki ga fatu shanye a kan katanga, jajaye jawur, tun daga bakin rijiya har masallaci. Jar fatarsa ba ta koɗewa, ko da ta shekara goma tana shan rana a kan sirdi. Dukawa daga garuruwa masu nisa suke zuwa su kwana a zaurensa suna jiran layi. Kowa ya san da bagaruwa yake jima, da karan dafi yake rini, kamar sauran majema. Amma awon, da wani abu na uku da yake ƙarawa, daga shi sai ƙanensa suka sani. Haɗin yana cikin wani ɗaki a ƙuryar gida, ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu. Gida ashirin ke ɗora tukunya albarkacin ɗakin nan, har da namu, don mahaifinmu wankin fata yake yi masa. Majemin kuwa ba sakarai ba ne. In zai yi tafiya sai ya fasa sakaina gida biyu, ya bar wa ƙanen rabi, ya tafi da rabi. Duk wanda ya zo ya ce shi ya aiko shi, sai ya fito da ɗaya rabin an haɗa, baki ya dace da baki.

Wata shekara majemin ya bi ayari, sai ga wani dattijo ya yi sallama, gemu fari fat, carbi a hannu. Ya gai da kowa da sunansa, ya tambayi ciwon ƙafar tsohuwarsu, ya yi ta’aziyyar ƙanwarsu da ta rasu bara har idonsa ya kawo ruwa. Daga baya aka gane kwana biyu kawai ya yi a rumfar wanzami yana kasa kunne, mu kuwa mutanen unguwa bakinmu ba ya riƙe ko gishiri. Ya ce shi da maigida sun ƙulla za su buɗe majema a can garinsu, maigida ya wuce gaba da ayari, ya ce a nuna masa haɗin. Ya ƙara da cewa a hanzarta, don ya baro fatu ɗari a jiƙe, in ya ƙara kwana za su ruɓe. Ƙanen ya tuna da sakaina. Tana cikin aljihunsa, har ya kai hannu ya taɓa ta. Sai ya dubi furfurar mutumin, sa’an mahaifinsa, wanda ya ci tuwonsu ya sa musu albarka, ya ji ba zai iya buɗe baki ya nemi shaida ba. Ya zaro makulli maimakon sakaina. Dattijon bai ɗauki ko tsinke ba. Ya duba, ya sansana, ya murza a yatsa, ya tambayi awo, ya yi godiya ya kama hanya. Da maigida ya dawo ya ce bai aiki kowa ba, aka shiga ɗaki aka duba, komai na nan inda yake, har wasu suka ce Allah ya tsare. Maigida dai ya zauna a bakin ƙofa, don ya san an kwashe shi tas. Kafin damina biyu irin jar fatarsa ta cika kasuwanni a rabin kuɗi. Zaure ya yi shiru, katanga ta koma tsirara, mahaifinmu ya koma dako. Ƙanen nan na san shi har tsufansa, mutumin kirki, kuma rabin sakainar tana aljihunsa har ya bar duniya.

Ke ma ba naki aka ba ki ajiya ba, sunayen mutane ne da lambobinsu da sirrinsu, kuma irin wannan kaya in ya fita ba a bin sawunsa. Kira shugaban naku a tsohuwar lambarsa da kika sani, ga sakainarki nan. In shi ne, iyaka ya yi tsaki, gobe ya ƙara yarda da ke. In ba shi ba ne, to wanda ya ari fuskar wani ya zo miki da ita bai ji nauyinki ba, don me za ki ji nasa? Ɗauki wayar ki kira ina zaune. Tun kafin a haife mu magabata suka gama magana: kunyar mara kunya asara ce.