Fartanyar Mika'ilu

Ruwan shuka ya sauka a ƙauyukan Zoza, kowa ya fita gona, amma gonar Mika'ilu tana nan ciyawa na cin ta. Fartanyarsa kuwa ba ta huta ba. Kullum da an idar da sallar asuba sai ya saɓa ta a kafaɗa, ya ɗauki 'yar ƙwaryar kunu rufe da faifai, ya nufi maƙabarta. Ba ya dawowa sai rana ta yi ja.

Yayansa Maharazu ya san ranar da abin ya soma, domin shi ya ja shi. Ranar kasuwar Rogo ce. Sun sayar da awaki, zafi ya ishe su, suka faɗa wata rumfar zana inda ake nuna bidiyo da janareto. Maharazu ya ɗauka fim ɗin Indiya za a sa, na rawa da waƙa. Sai mai rumfar ya ce kaset ɗin ya tsinke, ya zura wani na Turawa.

A ciki, ƙasa ce take tsagewa, hannaye suna ɓullowa daga kaburbura. Matattu suna tafe suna jan ƙafa, fatarsu na saɓulewa. In sun kama mutum sai su farke cikinsa da yatsu, su ja hanji kamar igiyar guga. Ba sa faɗuwa sai an fasa musu kai da shebur. Wani saurayi ya fita da gudu ya yi amai a gindin zana. Wasu suna ta'awizi, wasu suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Ilu mahauci ya daɗe yana ƙorafin cewa tun ranar samari suka ƙaurace wa kayan ciki.

Mika'ilu bai yi dariya ba, bai kuma kau da kai ba. Sai a hanyar gida ya buɗe baki.

"Yaya, duka suke tashi, ko wasu ne?"

"Wasan Turawa ne. Jan fenti ne da hanjin akuya."

Ba a rufa mako ba Mika'ilu ya fara zaman maƙabarta.

Abin ya ba mutane mamaki. Wannan fa shi ne mutumin da a bazarar nan, lokacin da sanƙarau ya bi gida-gida, ya binne 'yarsa Zinariya ko ƙwalla bai yi ba, har liman yana ba da misali da danganarsa. Yau ga shi hoton Turawa ya firgita shi. Samari suka sa masa suna Sojan Maƙabarta. In ya zo wucewa sai wani ya ce, "Soja, yau kawuna nawa aka fasa?" Shi dai sai ya gyara riƙon ƙwaryarsa ya wuce.

An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an yi tofi a ruwa. Bai yi gardama da kowa ba. Ya sha, ya yi godiya, gari ya waye ya saɓi fartanya. Matarsa Tasalla ta gaji da dama kunun da ake dawo mata da shi ba a taɓa ba, ta tafi gidansu a Fulatan.

Da dawar maƙwabta ta kai idon sawu, Baffa Sulle, ƙanen mahaifinsu, ya tara 'yan gidan. Ya ce mutum mai yawo da ƙarfe yana jiran abin da zai sara ba abin bari a sake ba ne. Yau matattu yake jira, gobe wata tsohuwa ce za ta gifta ta bayansa. Akwai wani malami wajen Ƙaraye da yake ajiye irinsu a mari har su dawo hayyacinsu. Maharazu ya taɓa ganin wanda aka dawo da shi daga can, ƙafafunsa duk tabo, ba ya iya haɗa ido da kowa. Ya roƙi a bar shi ya gwada magana sau ɗaya. In Mika'ilu ya ajiye fartanyar ya biyo shi, shi ke nan.

Bayan la'asar suka tafi. Baffa da ƙarti biyu suka tsaya a inuwar wata kuka, igiya naɗe a hannun ɗaya. Maharazu ya yi sallama ya shiga shi kaɗai.

Ya same shi can gefen da sababbin kaburbura suka yi yawa, zaune a ƙasa, fartanya a kan cinya, kansa karkace kamar mai sauraron rediyon da batir ɗinta ya yi sanyi.

"Mika'ilu, tashi mu tafi gida. Wanda aka binne ya binnu, sai ranar tashin alƙiyama. Kai ma ka sani."

"Na Turawan a cikin akwati suke, amma sun fito."

"Ƙarya ce aka shirya, na gaya maka. Dubi gindin kukar can. Wallahi in ba ka ba ni fartanyar nan ba, yau a mari za ka kwana." Ya matso kusa da shi. "To mu ce ma gaskiya ne. Kai kaɗai ne za ka tare su? Da fartanya?"

Mika'ilu ya ɗago ya dube shi, irin duban wanda aka yi wa wani yare.

"In tare su?"

Baffa ya ga maganar ta yi tsawo, ya ɗaga wa ƙartin hannu. Suka fara takowa.

Mika'ilu bai ko waiwaye su ba. Ya miƙa hannu ya share 'yan tsakuwoyi daga kan ɗan guntun kabarin da ke gabansa, ya rage murya.

"Yaya, ni na jera itacen nan, ni na danne lakar da duk ƙarfina. Zinariya ko murfin randa ba ta iya ɗagawa. In ta motsa ba na kusa, wa zai buɗe mata?"