Ranar da Ganyen Ya Daina Ɗaci

Tun da aka raba wa masu ciwon suga bishiyar haɗi, zogale da shuwaka a jiki guda, Tasalla ke kula da ta mijinta, Malam Jatau. Kullum takan ɗiga mata jininsa a saiwa, bishiyar ta fitar da ganye daidai ciwonsa. In ya saci zaƙi, ɗacin ganyen ke tona masa asiri.

Yau ta tauna, ta ji shi lami. Kowa ya san bishiyar ba ta wahalar da wanda kwanansa ya kusa ƙarewa.

Ta yafa mayafi, ta je ta sayo alkaki.

"Tasalla, gwada ni kike yi?" in ji shi, yana dariya.

Ta kawar da kai. "Ci abinka, Malam. Yau bishiyarka ta yafe maka."