Layin da Ya Karkace a Allon Kwamfuta

Ɗan'uwa, tunda muna maganar shawarar da kan zo wa mutum ba tare da ya nema ba, bari in ba ka misali da wani mai zanen katin biki.

Shagonsa ɗan ƙarami ne kusa da tashar mota. A kwamfuta yake tsara katin ɗaurin aure da fosta da allon shaguna, da ita yake ci da iyalinsa, kuma an san shi da tsabtar aiki. Wata rana yana tsara wani kati sai ya ga layin da ya kewaye rubutun ya lanƙwashe a tsakiya, kamar sandar da aka tsoma a ruwa. Ya goge ya sake ja, bai miƙe ba. Ya share allon kwamfutar da ƙyalle, ya kashe ya kunna, ya zare waya ya hure ƙura ya mayar. Da abin ya ƙi, sai ya ɗora laifin a kan wutar janareta, ya ci gaba da aiki a haka. Ana nan sai wani dishi-dishi ya bayyana a tsakiyar allon, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo, haruffa suka fara hawa kan juna. Har ta kai ya buga wa wani ango kati da kuskure a sunan surukinsa, aka dawo masa da su gaba ɗaya, ya sha kunyar da bai taɓa sha ba. Ran nan ya naɗe allon a bargo, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi wurin mai gyara, da niyyar in bai gyaru ba ya sayi sabo.

Mai gyaran mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawar kwance abu. Ya jona allon da tasa kwamfutar. Ya canza waya, ya leƙa ramin da take shiga ko wani haƙori ya karye, ya mayar da haske da girman hoto yadda suka zo daga kamfani. Ya buɗe farin shafi, ya buɗe baƙi, ya buɗe ja, yana neman tabo ko ɗigon da ya mutu, bai ga komai ba. Shi kuwa mai zane yana tsaye a kansa yana nuni da yatsa, yana cewa ga shi nan a tsakiya, ko makaho ya shafa ya ji. Sai mai gyara ya ciro sabon allo daga kwali, cikin waɗanda yake sayarwa, ya kunna, ya ja masa layi a miƙe. Mai zane ya duba ya yi tsaki, ya ce wannan ma a karkace yake, kayan yanzu duk jabu ne, a ɗauko masa wanda ya fi shi.

Ciniki ne ya kawo kansa har ƙofa, da mai gyara ya ga dama da ya miƙa masa wani ya sallame shi. Amma sai ya ce, "Malam, don Allah kada ka ji haushina. Rufe idonka na dama da tafin hannu, ka dubi gefen ƙofar can."

Ran mai zane ya ɓaci, ya ce shi wurin gyaran allo ya zo, ba asibiti ba. Mai gyara bai ja da shi ba, ya dai sake roƙonsa. Don a rabu lafiya ya ɗora hannu a ido ya duba, sai ya ga ƙarfen ƙofar ya yi ciki kamar baka. Ya mayar da hannun ɗaya idon, ƙofa ta miƙe. Ya sake gwadawa, ta sake tanƙwarewa. Ya nemi benci ya zauna. Mai gyara ya ba shi ruwa, ya gaya masa allonsa lafiya lau yake, shi iyakar saninsa ke nan, sauran na likitan ido ne, kuma kada ya bari abin ya kwana a ransa ya yi ta ɗagawa.

Washegari ya tafi. Aka gano ciwon suga ne da bai san yana ɗauke da shi ba, ya kumbura masa bayan idon hagu, har ya fara taɓa na dama. Likita ta ce da ya ƙara jinkiri da magana ta zama wata. Ya sha allurai, ya kama magani, ya haƙura da shayinsa mai zaƙi. Idon hagu bai dawo daidai ba har yau, amma na dama ya tsira, da shi yake aikinsa a kan tsohon allon nan da ya so jefarwa.

Da ya ji sauƙi ya koma wurin mai gyara, shi da mai ɗakinsa, ta yi dambun nama cike da kwano, shi kuma ya zana wa shagon sabon allon suna. Mai gyara ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa shi ko noti ɗaya bai kwance ba, yin Allah ne. Mai zane ya riƙe hannunsa ya ce, "Na sani yin Allah ne, amma ta bakinka ya biyo. Duk fuskar da zan gani daga yau, har ta jikokina, kana da lada a ciki."

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.