Hannun da Ba a Kwance Ba

Tanimu, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun da gidan rediyon nan ya ce ɗan takararku yana da shari'a a kotu wadda za ta iya hana shi tsayawa, ba abin da nake gani a shafinka sai zagi: an saye su, 'yan amshin shata ne, karnukan farautar wancan ɓangaren ne. Su ma na can suna ramawa, kun mai da zaɓen fid da gwani kasuwar ashar. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, shi ya sa zan ba ka misali.

A wani gari mahauta suna da 'yan dambe biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere, kuma ɗaya kaɗai za a fitar ya kara da gwanin garin maƙwabta idan kaka ta yi. Unguwa ta rabu, masu son dogon da masu son gajeren. Ana cikin haka sai wani ɗan koli mai yawon kasuwanni ya dawo da labari, ya ce ya ga dogon a gidan maɗori a wani ƙauye, hannunsa na dama ya kumbura suntum. To, ɗan kolin nan ba waliyyi ba ne. Kowa ya san yana ƙara wa zance gishiri, ga shi matarsa 'yar gidan su gajeren ce. Nan mutanen dogon suka samu abin riƙewa. Suka bar maganar hannu suka koma kan ɗan koli: wa ya ba shi goro, a gidan wa ya ci tuwo, wace ƙarya ya shara bara. Makaɗinsu har zambo ya yi masa. Mutanen gajeren kuma suka ɗauki labarin suka hura, wai hannun ya ruɓe, wai yanke shi za a yi, har ƙaryarsu ta lulluɓe 'yar gaskiyar da ke ciki. Shi kuwa dogon kullum sai ya fito da hannu a naɗe da tsumma da zare, irin naɗin 'yan dambe, yana ɗaga shi sama ana yi masa kirari. Abin takaicin, daga rumfar da ake wannan musu ana hango ƙofar gidansa, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce masa ya kwance zaren a gani ba. Masoyansa suna tsoron abin da za su tarar, maƙiyansa kuma zancen ya fi musu daɗi a haka.

Aka fitar da dogon, don mutanensa sun fi baki. Ranar karawa fage ya cika, kalangu na tashi. Ya kai naushin farko, abokin karawarsa ya tare da gwiwar hannu, ƙashin da bai gama haɗewa ba ya sake ɓallewa. Ya durƙusa, a dambe kuwa wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Aka kwance zaren a gaban garuruwa biyu. Garin ya sha kunya, amma kunya tana wucewa. Shi mahauci ne, da hannun nan yake riƙe wuƙa, kuma har ya tsufa bai ƙara feɗe akuya ba. Waɗanda suka yi ta rantsuwa a kansa, washegari su ne ke cewa ai dama sun ga alama.

Ban ce maka 'yan jarida ba sa cin goro ba, ni ma na san masu ci. Amma kotu ba a sama take ba. Tashi ka je ka tambaya, shari'ar nan akwai ta ko babu, tun kafin wakilai su kaɗa ƙuri'a. In ku kun rufe ido kun tsayar da shi, ɗaya jam'iyyar ba za ta rufe nata ba. Hausawa sun riga sun faɗa: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.