Mai Tsire da Idon Yayansa

Tasi'u, na ji abin da ka faɗa wa mahaifiyarka, wai in ka sa ƙafa a jirgin nan ba za ka waiwayo ba sai ranar da ƙasa ta gyaru. Ban ga laifinka ba, duk wanda ya ji labaran kwanakin nan sai jikinsa ya yi sanyi. Amma ajiye wayar nan tukuna, bari gwaggonka ta ba ka wani misali ka yi guzuri da shi.

An yi wani mai tsire a garinmu. Su biyu iyayensu suka bari, shi da yayansa manomi. Da sana'a ta ƙi ci sai ya bi masu fataucin shanu ya yi kudu, ya ƙetare iyaka, har ya dire wani birni na bakin teku inda ake Faransanci, ruwan sama kuwa kamar ba ya ɗaukewa. Ya kafa tukubarsa a bakin titi, Allah ya sa albarka, mutanen birnin suka saba da ƙuli da yajin hannunsa. Abu ɗaya ne bai taɓa rabuwa da shi ba, wata 'yar rediyo da ya rataye a ƙusa kusa da tukubar. Yana yanka nama yana jin labaran gida: yau ambaliya ta ci ƙauyuka, gobe an tare hanya an kwashe matafiya, jibi kwanon masara ya gagari talaka. Sai ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Amma fa zuciyarsa tana gida. In hayaƙi ya turnuƙe shi, sai ya tuna ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ya tuna yadda yayan nan yake shigewa gaba da garma a kafaɗa shi yana biye da butar kunu, da yadda suke gasa tumu a gindin gawo idan gero ya nuna, yayan ya murje ya hure ya zuba masa a tafi kafin shi ya ɗanɗana. Duk kaka yayan zai kira shi ya ce ya zo, gero ya yi kyau, iyali suna son ganinsa. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: “Yaya, bari ƙura ta lafa.” Ya aika da atamfa, ya aika da takalma da man zafi, ya yi ta gaisuwa a waya har batir ya mutu. Ƙura kuwa in ta lafa a nan sai ta tashi a can. Haka shekaru suka yi ta shuɗewa.

Ana nan sai auren 'yar yayan ya taso, yarinyar da aka haifa bayan tafiyarsa. Yayan ya ce ba wanda zai ba da aurenta sai baffanta, in bai zo ba a fasa. Ba yadda ya iya, ya rufe tukuba ya kamo hanya. Rediyo bai yi masa ƙarya ba, domin ya wuce shingayen jami'an tsaro, ya ga wani ƙauye da aka watse aka bar rumbuna a buɗe. Amma da ya sauka garinsu ranar kasuwa ce. Ga masu fura sun jera ƙore, ga 'yan mata da tallan dafaffiyar gyaɗa, ga maƙera suna ta ƙwanƙwasa, rayuwa tana tafiya da daɗinta da wuyarta. Ya tarar da yayansa zaune a kan buzu a ƙofar zaure, ya yi sallama. Dattijon ya amsa da murna, amma fuskarsa ta juya gefe, can inda ba kowa. Ya miƙo hannuwa yana lalube. Mai tsire ya durƙusa, yayan ya shafa kansa, ya shafa kumatunsa da gemunsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya yi murmushi ya ce, “Ashe har sanƙo ka yi. Ka tsufa ban gani ba, ƙanena.” Mai tsire ya ce, “Yaya, me ya hana ka gaya mini ka daina gani?” Ya ce, “In ka kira, labarin ƙasa kake tambayata, ni kuma ban so in ƙara maka damuwa ba. Bara waccan ina iya gane mutum daga bakin zauren nan. Na so a ce kai na gani.” Mai tsire ya kifa kansa a gwiwar yayansa ya yi kukan da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Aka ɗaura aure, baƙi suka watse, shi bai koma ba sai da aka gama girbi. Kullum da hantsi zai riƙe hannun yayan su tafi gona a hankali, yana gaya masa inda dawa ta yi kyau da inda ruwa ya kwanta, dattijon yana gyaɗa kai.

To ka ji, ɗana. Ka tafi, Allah ya tsare, ya ba ka abin da ka je nema. Amma mahaifiyarka ba za ta zauna yadda ka bar ta ba har ƙasa ta gama gyaruwa, kuma gidan rediyo ba zai gaya maka ranar da gwiwarta ta fara ciwo ba. Ka riƙa zuwa ana ganinka. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take.